Babi na Takwas: Mazubin Mallaka da Mazubin Waƙafi

Akwai wata jama'a, mafi yawanta a Turai da Amurka da Japan, wadda Allah ya ɗora wa son sauti, son tsarkin sautin kansa wanda ya wuce son waƙa irin na kowane ɗan Adam, har ya kai mutum daga cikinsu yakan keɓe ɗaki guda a gidansa, ya shimfiɗa darduma mai kauri, ya rataya labule a bango, ya auna inda kowace lasifika za ta tsaya da inda kujerarsa za ta zauna, ba don kome ba sai don in ya rufe ido ya ji kamar mawaƙin yana tsaye a gabansa yana numfashi. Waɗannan su ne zan riƙa kira ma'abota sauti a cikin wannan babi. Himmarsu kuwa ba abar rainawa ba ce, domin duk wanda ya taɓa zama kusa da mai kalangu a wurin biki, ya ji yadda fata ke amsawa, yadda tsirkiya ke matse sauti tana sakinsa, sa'an nan daga baya ya ji wannan kiɗa ta bakin ƙaramar rediyo, ya san lalle akwai abin da ke zubewa a hanya tsakanin makaɗi da mai sauraro. Iyakar muradinsu shi ne a rage wannan zubewa gwargwadon iko.

To, a cikin wannan jama'a ne aka yi wani saɓani da ya ci fiye da shekara 20, wanda ya raba abokai, ya cika mujallu, ya kai har ga ɗaga murya a wuraren taro. Abin da ya sa ya daɗe, a ganina, shi ne mas'aloli biyu ne aka cakuɗa wuri guda ana yi musu hukunci ɗaya. Ta farko mas'alar kunne ce, wato shin ɗan Adam yana iya jin fifikon sautin da aka auna da awo mai zurfi a kan wanda aka auna da awon faifan CD. Ta biyu kuwa mas'alar mabuɗi ce, wato shin mazubin da aka zuba waƙar a cikinsa mallakar wani kamfani ne, wanda sai da izininsa za a buɗe, ko kuwa waƙafi ne da kowa ke iya ɗiba. Ta farkon ita ce ta fi cika baki, amma ta biyun ita ce mai nauyi.

Sauti dai ba wani abu ba ne face kaɗawar iska, tana matsowa tana ja da baya, kamar yadda ruwan tafki ke yi in an jefa masa dutse. Wanda ke son adana shi a kwamfuta sai ya sa na'ura ta riƙa auna wannan kaɗawa, awo bayan awo, tana rubuta kowane awo da lamba. Ingancin abin da aka adana kuwa ya rataya ne a kan abu biyu, sau nawa aka yi awon a cikin sakan ɗaya, da kuma yawan matakan da ke jikin ma'aunin. Sa'ad da kamfanin Sony na Japan da kamfanin Philips na Holand suka fito da faifan CD a shekarar 1982, sun daidaita a kan awo 44,100 a sakan, da ma'auni mai bit 16, ma'ana mai matakai 65,536. Akwai wata ƙa'idar lissafi da ake jingina wa Harry Nyquist da Claude Shannon, wadda ta tabbatar cewa matuƙar yawan awon ya zarce ninkin kaɗawar da ta fi kowace sauri a cikin sautin, to, ana iya maido da shi kamar yadda yake. Kunnen ɗan Adam kuwa, ko a lokacin ƙuruciya da cikar lafiya, ba ya wuce kaɗawa 20,000 a sakan, kuma shekaru suna ta rage masa. Saboda haka, a bisa hisabi, mudun CD ya isa ya ɗauke duk abin da kunne ke iya ji, har da gyara.

Amma da yawa daga ma'abota sauti ba su gamsu ba. Tun farkon fitowar CD ake jin suna cewa sautinsa ya bushe, ya yi kaifi, ya rasa ɗumin faifan garmaho. Da na'urori suka ƙara ƙarfi sai aka shiga sayar da waƙa mai awo 96,000 ko 192,000 a sakan, da ma'auni mai bit 24, wanda matakansa suka haura miliyan 16. A shekarar 2007 wasu mutum biyu daga ƙungiyar ma'abota sauti ta birnin Boston, Brad Meyer da David Moran, suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi, inda suka riƙa kunna faifai mai zurfin awo, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci su bi da shi ta cikin na'urar da ke mayar da shi awon CD, alhali mai sauraro bai san wanne ake kunna masa ba. A cikin gwaji 554 an dace sau 276, wato rabi, daidai da abin da mai cinta kurum zai samu. Masu suka suka ce wasu daga faya-fayan da aka yi gwajin da su tun asali ba da awo mai zurfi aka ɗauke su ba, kuma wannan suka ce mai ƙarfi. A shekarar 2016 wani malami a jami'ar Queen Mary ta Landan, Joshua Reiss, ya tattara bincike 18 masu ɗauke da gwaji fiye da 12,000, ya samu cewa an dace da kaɗan sama da kashi 52 cikin ɗari, waɗanda aka horar da kunnensu kuwa suka kai wajen kashi 60. Abin da insafi ya hukunta ke nan: in akwai bambanci, to, siriri ne ƙwarai, sai kunne mai horo a ɗaki mai shiru. Meyer da Moran ma da kansu sun lura cewa faya-fayan nan sau da yawa sun fi CD na kasuwa daɗi, dalili kuwa shi ne an fi kula da aikinsu a ɗakin haɗa sauti, domin an san irin mutanen da za su saye su.

Da a ce saɓanin ya tsaya nan, da bai cancanci babi guda ba, domin mai kuɗin da ya zaɓi babban mudu bai zalunci kowa ba. Inda abin ya yi tsanani shi ne wajen mazubi.

A shekarar 1999 Sony da Philips suka fito da wani sabon faifai, SACD, wanda ke awo fiye da miliyan 2 da dubu 800 a sakan da ma'auni mai bit ɗaya tal, ba da jimawa ba kuma wasu kamfanoni suka fito da kishiyarsa, DVD-Audio. Kowane ɗaya an ɗaura masa makulli don kada a kwafa, kowanne yana bukatar na'urarsa, mai saye kuma ya tsaya tsakaninsu bai san wanda zai rayu ba. Ƙarshenta talakawan masu sauraro suka bar su duka biyu, DVD-Audio ya shuɗe, SACD ya rage a hannun 'yan ƙalilan masu son kiɗan gargajiyar Turai da jaz. Su kuwa jama'a a lokacin hankalinsu yana ga MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta jagoranci ƙirƙirarsa, mazubin da ke zubar da ɓangaren sautin da aka ƙaddara kunne ba zai lura da rashinsa ba, domin fayil ya ƙanƙance ya bi ta siririn intanet na wancan zamani.

A shekarar 1998 cibiyar nan ta aika wa masu rubuta manhajojin MP3 takardu tana tunatar da su cewa fasahar tana da masu ita, kuma sai an biya lasisi. Wannan takarda, wadda masu ita suka rubuta don kare haƙƙinsu, ita ce ta zaburar da wani Ba'amurke, Christopher Montgomery, da abokan aikinsa na gidauniyar Xiph, suka duƙufa a kan ƙera mazuban da babu mai karɓar la'ada a kansu. A gefe guda kuma wani mai rubuta manhaja, Josh Coalson, ya fara aikin FLAC a shekarar 2000, ya kammala fitowarsa ta farko a 2001, daga baya a 2003 aikin ya koma ƙarƙashin inuwar Xiph. Harafin farko na sunan yana nufin 'yantacce, na biyu yana nufin marar tauyewa, kuma sunan ya dace da mai shi. FLAC yana naɗe lambobin sauti ne yadda za su ragu zuwa wajen rabi ko kashi biyu cikin uku, amma in an warware su sai su dawo lamba da lamba, ba ragi ba ƙari, kamar mai ninke riga ya sa a adaka, wanda bai yanke mata hannu ba don ta shiga. An rubuta bayanin yadda aka ƙera shi dalla-dalla an ajiye a fili, duk mai ilimin da ya so ya karanta, ya rubuta tasa manhajar, ya sa a na'urarsa ya sayar, ba ya neman izinin kowa. Abin da ya fi kama da wannan a shari'armu shi ne waƙafi, kamar rijiyar da mutum ya haƙa a bakin hanya ya fitar da ita daga mallakarsa, ba a sayar da ita, ba a gadonta, mai wucewa ya sha ya shayar da dabbarsa.

Akwai wani abu a cikin FLAC da nake so mai karatu ya riƙe, domin za mu bukace shi nan gaba kaɗan. A kan kowane fayil akan rubuta wata doguwar lamba da aka lissafo daga asalin sautin tun kafin a naɗe shi. Duk lokacin da mutum ya yi shakka, sai ya sa kwamfutarsa ta warware fayil ɗin ta sake lissafin, in lambobin biyu suka dace, to, ko awo ɗaya bai canza ba, in kuwa suka saɓa, to, an samu illa. Wannan shi ne abin da magabatanmu masu kwafar littattafai da hannu suke kira muƙabala, a ɗauko kwafi a ɗauko asali, ɗaya yana karantawa ɗaya yana bi, har a tabbatar ba a tsallake kalma ba. Fa'idar muƙabala ita ce ba ta bukatar a yarda da kowa, kowane almajiri yana iya yin ta.

Ana cikin haka, a watan Disamba na 2014, aka sanar da wani sabon mazubi a Landan mai suna MQA, wanda ma'anar sunansa ita ce ingancin asali da aka yi wa shaida. Wanda ya kawo shi, Bob Stuart, ba baƙo ba ne a fagen, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Meridian na Ingila, kamfanin da ya ƙera hanyar naɗe sauti marar tauyewa da aka yi amfani da ita a DVD-Audio, kuma ko masu adawa da shi ba su musun iliminsa. Da'awarsa tana da rassa. Ya ce matatun da ke cikin na'urorin awo suna ɓata daidaiton lokaci, su sa bugun ganga ya ɗan yi naso gaba da baya, kunne kuwa yana lura da lokaci fiye da yadda ake zato, kuma hanyarsa tana gyara wannan. Ya ce ya sami dabarar ninke sama-saman sauti, wato kaɗawar da ta zarce abin da awon CD ke ɗauka, ya ɓoye ta a cikin ƙananan matakan ma'auni inda ba a ji, ta yadda fayil mai zurfin awo zai ƙanƙance ya bi intanet ba wahala. Wanda ba shi da na'urar MQA zai ji waƙar kamar CD, wanda ke da manhajarsu za a buɗe masa ninki na farko, wanda kuma ya sayi na'ura mai lasisinsu za a kammala masa sauran. Reshen da ya fi jan hankali kuwa shi ne na shaida: a jikin na'urar akwai 'yar fitila, in ta kama da shuɗi, to, alama ce cewa abin da kake ji shi ne wanda aka sa wa hannu a ɗakin ɗaukar sauti.

Manyan kamfanonin waƙa uku na duniya, Warner da Universal da Sony, suka rungume shi, dandalin sauraro na Tidal ya fara yaɗa shi a watan Janairu na 2017, masu ƙera na'urori kuma suka yi ta sa alamarsa a jikin kayansu, wasu don sun gamsu, wasu don tsoron kada mai saye ya tambaya ya tarar babu. Manyan mujallun ma'abota sauti suka yi masa yabo mai yawa. Amma tun a shekarar nan ta 2017 kamfanin Linn na Sikotland ya fito fili ya ce wannan tsari cuta ne ga waƙa, hujjarsa kuwa ba ta kunne ba ce, ta kasuwa ce: mazubi ne da ke karɓar kuɗi a kowace ƙofa, daga mai naɗe waƙar, zuwa mai yaɗa ta, zuwa mai ƙera na'urar sauraro, kuma dukan wannan a kan mai sauraro zai ƙare. Wani abin lura kuma, fayil ɗin MQA a cikin mazubin FLAC ake aika shi, wato an ɗebi ruwan rijiyar waƙafi an zuba a tulun da aka toshe bakinsa.

Masu bincike masu zaman kansu suka shiga aunawa, da wahala kuwa, domin na'urar naɗewar tana hannun kamfanin, ba a ba kowa ita ya gwada. A watan Afrilu na 2021 wani mai tashar YouTube da ake kira GoldenSound ya bi ta hanyar da kowane mawaƙi ke bi, ya haɗa waƙoƙi na kansa, ya saka sautukan gwaji a cikinsu, ya aika aka naɗe su da MQA aka ɗora a Tidal, sa'an nan ya sauko da su ya yi muƙabala da asalin da ke hannunsa. Abin da ya fito bai dace da abin da ya shiga ba, an samu ƙarin hayaniya da canji, alhali mutane da yawa sun fahimci tallar da aka yi musu a kan cewa babu tauyewa. Kamfanin ya amsa cewa na'urarsu don kiɗa aka yi ta, sautukan gwaji kuwa ba kiɗa ba ne, aka kuma sauke waƙoƙin daga dandalin. Amsar tana da fuska, sai dai ita kanta iƙirari ce, domin mazubi marar tauyewa ba ya tambayar abin da aka zuba masa, kiɗa ne ko ƙarar injin niƙa, yadda aka ba shi haka zai mayar. Wasu kuma suka nuna cewa ana iya yanke wani sashe na ƙananan matakan fayil ɗin a zubar, fitilar nan kuma ta ci gaba da kamawa da shuɗi. A farkon shekarar ma, mawaƙin nan ɗan asalin Kanada, Neil Young, wanda ya yi fice wajen goyon bayan sauti mai zurfin awo, har ya taɓa tara fiye da dala miliyan 6 daga hannun jama'a don ƙera na'urarsa ta Pono, ya janye waƙoƙinsa daga Tidal, yana mai cewa abin da ake kira asalinsa a can ba shi ne asalin da ya bayar ba.

A nan ne nake ganin ilimin malamanmu na hadisi ya fi na mujallun sauti haska mas'alar. Su ba su karɓar ruwaya don mai ruwayar ya yi rantsuwa, ko don yana da kwarjini, ko don lafazin ya yi daɗi a kunne; sukan bi isnadi mutum bayan mutum, su tambayi wane ne wannan, daga wa ya ji, yaya kiyayewarsa, wa ya yi masa shaida, in kuwa suka tarar da wanda ba a san halinsa ba a cikin silsilar sai su dakata, ko da bai taɓa yin ƙarya ba. Fitilar MQA mai ruwaya ce da ke yi wa kanta tazkiyya. Tana cewa an shaida, amma ba ta ce wa ya shaida ba, ba ta kuma ba ka hanyar bincikawa. Da aka juyar da miliyoyin waƙoƙi zuwa wannan mazubi, a cikinsu har da na mawaƙan da suka daɗe a kabari, hankali ba ya karɓar cewa an zauna an saurari kowace ɗaya an sa mata hannu. Lambar da ke kan FLAC ba ta yi maka alkawarin cewa waƙar ta yi daɗi ba, ba ta ma yi alkawarin cewa daga hannun mawaƙin ta fito ba. Abu guda ta ɗauka, cewa abin da aka zuba shi ne ya fito, kuma ta bar maka hanyar da za ka kama ta in ta yi ƙarya. Ni dai na fi natsuwa da ƙaramar shaidar da zan iya bincikawa a kan babbar da aka ce in yi mata taƙlidi.

Adalci ya wajabta a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren da ƙarfinta. Suna cewa mai ƙirƙira ya ɓata shekaru da dukiya, cin guminsa halal ne, in kuma aka ce kome sai kyauta to wa zai sake ɗaukar wahalar bincike? Wannan magana gaskiya ce, kuma tarihi bai ƙaryata ta ba: shi kansa CD da lasisi aka yi shi, MP3 ma haka, duk da haka suka game duniya. Sai dai akwai bambancin da bai kamata a rufe ido a kansa ba. MP3 an wallafa bayaninsa a matsayin ƙa'idar ƙasa da ƙasa tun 1993, kowa yana iya karanta yadda yake aiki ko da sai ya biya kafin ya sayar, haƙƙin ƙirƙira kuma yana da ajali, shi ya sa a shekarar 2017 aka daina karɓar lasisinsa ya zama na kowa. Abin ƙi shi ne a haɗa karɓar kuɗi da ɓoye sirri, ta yadda ranar da mai mabuɗi ya tafi, mabuɗin ya bi shi. An kuwa ga haka tun kafin MQA. A shekarar 2008 Sony ya rufe kantinsa na waƙa a intanet mai suna Connect, wanda ke sayarwa a mazubinsa na kansa mai makulli, a shekarar nan kuma Microsoft ya sanar cewa zai daina ba da mabuɗan waƙoƙin da mutane suka saya a kantinsa na MSN Music, sai da aka yi kuka sa'an nan ya ƙara wa'adi. Mutanen da suka ɗauka saye suka yi, ranar nan suka gane haya ce.

Ƙarshen al'amarin MQA ya zo da sauri. Hujjar ƙanƙantar fayil ta raunana da intanet ya ƙara faɗi, ga Qobuz na Faransa yana yaɗa FLAC mai zurfin awo, ga Amazon ya shigo a 2019, ga Apple, wanda ya riga ya saki nasa mazubin marar tauyewa ya zama na kowa tun 2011, ya buɗe wa masu biyansa sauti marar tauyewa a 2021 ba tare da ƙarin ko kwabo ba. A watan Afrilu na 2023 kamfanin MQA ya durƙushe aka danƙa shi ga masu kula da kamfanonin da jari ya karye musu, a watan Satumba kamfanin Lenbrook na Kanada ya sayi abin da ya bari, a watan Yuli na 2024 kuma Tidal ya kawar da MQA daga rumbunsa ya koma FLAC. A watan Disamba na 2024 hukumar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta wallafa bayanin FLAC a matsayin ƙa'ida tabbatacciya mai lamba 9639. Fasahar MQA ba ta mutu ba, tana hannun sabon mai ita, amma wanda ya ƙara kuɗi ya sayi na'ura saboda shuɗiyar fitila, yau waƙar da za ta kunna masa ita ta yi ƙaranci.

Mai karatu na iya cewa wannan rigimar masu hali ce a ƙasashe masu nisa, ina ruwan wanda ke sauraron waƙa a wayar hannu da ita? Ruwansa kuwa babba ne, ta wata fuskar da ma'abota sauti ba su cika kulawa da ita ba. Masu tsaron ma'adanan sauti na duniya, waɗanda aikinsu shi ne su kai muryar mamaci ga jikokin da ba a haifa ba, sun daɗe da yanke hukunci a wannan mas'ala: ƙungiyarsu ta IASA tana umurni da a kwafe tsofaffin faya-fayai da zaren rikoda da awo mai zurfi, a mazubi buɗaɗɗe marar tauyewa, galibi WAV mai awo 96,000 da bit 24. Dalilinsu ba wai kunne zai ji dukan wannan ba ne. Dalilin shi ne zare yana ruɓewa, watakila sau ɗaya kurum za a samu damar kunna shi, kuma wanda zai zo gyaran sautin bayan shekara 50 yana bukatar a bar masa yalwa. A nan awo mai zurfi ya sami hujjar da ba ta da shubuha, mazubin waƙafi kuma ya zama wajibi.

Mu kuwa muryoyin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da Ɗan Maraya, da karatun malamai da tafsiran azumi da aka ɗauka shekara da shekaru, mafi yawansu a zaren gidajen rediyo da kaset-kaset suka rayu, daga nan suka koma MP3 a cikin memori, ana tura su daga waya zuwa waya a kasuwanni da tashoshin mota. Wannan turawa ta yi alheri, domin ita ta hana waƙoƙi da yawa ɓacewa. Amma duk lokacin da aka ɗauki MP3 aka gyara aka sake matse shi, wani abu yana zubewa wanda ba ya dawowa har abada, sau da yawa kuma sunan waƙar da shekararta da wurin da aka yi ta ba su biyo ta ba, ta zama ruwaya ba isnadi.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in akwai kaset a akwatin mahaifinka, ko faifan garmaho a ɗakin kakarka, ko kana aiki a inda ake ajiye tsofaffin zaruruwa, ka nemi na'ura mafi lafiya da za ka iya samu, a kwafe shi sau ɗaya da kyau zuwa WAV ko FLAC, ka rubuta a jikin fayil ɗin sunan mai muryar da gari da shekara da wanda ka karɓa daga hannunsa, ka ajiye kwafi biyu a gidaje biyu, sa'an nan ka fitar da MP3 daga cikinsa ka tura wa duk wanda ya roƙa. Kaset ɗin kuma kada ka yar da shi, ka mayar da shi akwati, nesa da rana da danshi.